Suma'ila Kolo Mai Gaz, Mutumin da Ya Hana Wutarmu Mutuwa

Dukkanmu na Allah ne, kuma gare Shi tafiyar kowa za ta ƙare. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu na 2025, da hantsi, ina tsaye gaban tanderu a gidan burodinmu da ke unguwar Zango, a nan Damagaram, sai Rashid, babban ɗan Alhaji Suma'ila Kolo, ya kira ni a waya. Ya ce, "Yaya Munira, Baba ya cika." Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki a asibiti, har muna murna ya fara samun sauƙi. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Baba Suma'ila, ni ba marubuciya ba ce, mai gasa burodi ce. Amma idan na yi shiru a kanka na ci amanar abin da na gani da idona.

Ɗan manoman Hamdara ne kai, ka taso cikin gero da gyaɗa, ka shigo birni da ƙuruciyarka ka koyi walda. Da aka buɗe matatar mai a arewacin gari, gaz ɗin girki ya fara samuwa da sauƙi, sai ka buɗe depo ɗinka na sayar da gaz a bakin hanyar Takieta. A wancan lokaci mutane tsoron kwalbar gaz suke yi. Tsofaffi na cewa wa zai kwana ɗaki ɗaya da bam? Ba ka taɓa yi wa mai wannan tsoro dariya ba. Gida gida kake shiga da kanka, ka durƙusa a madafa da babbar rigarka, ka nuna wa uwar gida yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa, sai ta yi a gabanka ka gamsu sannan ka tashi.

Kai aminin mahaifina ne, marigayi Malam Abubakar. Da ya rasu ya bar mini gidan burodi mai tanderu biyu, duka na itace, da ma'aikata masu iyali suna kallon hannuna. Itace kuwa kullum ƙara nisa yake, kullum ƙara tsada, da damina ya zo a jiƙe ya cika mu da hayaƙi har idanunmu su yi ja. Na zo depo na same ka da shawarar da na riga na yanke: a mayar da duka biyun na gaz. Na ɗauka za ka yi murna, ciniki ne ya zo maka har gida. Sai ka girgiza kai.

"Ɗiyata, ɗaya za mu juya, ki bar ɗayan yadda yake. Kasuwar gaz ba ta da alƙawari. Yau tana hannunmu, gobe farashin wata ƙasa ya ja ta, ko hanya ta rufe. Mai sana'ar wuta ba ya dogara da murhu ɗaya."

Ban taɓa ganin mai sayarwa yana roƙon mai saye ya rage sayayya ba sai a wurinka. Kai ka haɗa bututun da hannunka. Kai ka sa aka liƙe ɓarakar ƙofar tanderu da yumɓu don zafi ya daina zurarewa. Ka zauna ka kalli aikinmu na yini guda, sannan ka ce mu daina gashi kaɗan kaɗan, mu jera kwaɓi a shirye tukuna, idan tanderu ya ɗau zafi a yi ta zubawa har a gama, kada a bar shi ya huce a sake kunnawa. Wannan gyara kaɗai ya rage mana gaz ɗin da muke ƙonawa ƙwarai, wato ya rage maka ciniki. Haka ka yi wa masu gidajen abinci da masu otal da masu yin kilishi. Kana cewa gaz ɗin da ya fi araha shi ne wanda ba a ƙona shi a banza ba.

Ba na so mai karatu ya ɗauka kai mutum ne mai laushi. Kana da zafi, kuma idan ka kafe ba mai motsa ka. Wata ranar Juma'a ka shigo gaishe mu, muna tsakiyar aikin burodin wani biki, sai ka tsaya cak a bakin ƙofa kana shinshina. Ka nemi ruwan sabulu, ka shafa a jikin robar da ke kai gaz cikin tanderu, kumfa ya taso. Nan take ka rufe kwalabe duka, ka hana a kunna ko ashana, har tanderun itacen ka ce ba za a hura shi ba sai iska ta kwashe abin da ya taru. Na roƙe ka har da hawaye ka bar mu mu gama, kwaɓi ya riga ya tashi, masu biki na jira.

"Gara su zage ki yau da su zo miki gaisuwa gobe," ka ce.

Sai ka sa aka loda kwaɓin a bayan motarka, ka kai shi gidan burodin Sha'ibu a Sabon Gari, mutumin da muke gogayyar kasuwa da shi, ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ban san abin da ka faɗa masa ba. Na dai san ya ba mu tanderunsa, burodi ya isa gidan biki a kan lokaci, kuma daga ranar ni da Sha'ibu muka zama 'yan uwa a sana'a.

Amma inda garin nan ya san ko wane ne kai shi ne azumin da gaz ya yanke. Tun cikin Sha'aban ka fara zagaya mu. Kai mai sauraren rediyo ne, mai hira da direbobin manyan motoci, kuma daga bakinsu ka gane farashi ya hau a ƙetaren iyaka, kayan da ya kamata ya tsaya nan ya fara sulalewa can. Ka ce kowa ya cika kwalaben da yake da su. Wasu suka ji, wasu suka ce dabarar ɗan kasuwa ce. Azumi bai yi nisa ba motoci suka daina zuwa. Kwalbar da ake saye a farashin gwamnati ta koma ta bayan fage, ta ninka, ta sake ninkawa. Mata na yawo da kwalba a ka cikin zafin rana, da azumi a bakinsu, daga wannan depo zuwa wancan.

Kai kuwa rumbunka cike yake. Dillalai suka yi ta sintiri a ƙofarka, suna so su kwashe shi duka su haye iyaka da shi. Har cikin danginka an sami masu cewa Allah ne ya kawo maka rabonka, ka karɓa. Sai ka tara mu, masu sana'ar wuta na gari, ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke gaban depo, ka ce ba ƙari ko dala a kan farashi, amma kai za ka raba. Ka fara da ɗakunan haihuwa da ke dafa kayan aikinsu, sannan matan da ke suyar ƙosai da dahuwar buɗa baki, waɗanda ba su da wata hanya. Da aka zo kaina, ni ɗiyar amininka, ka ba ni mafi ƙanƙantar rabo.

"Ke kina da tanderun itace. Koma masa sai an sha iska."

Na koma. Mun sha hayaƙi har salla, amma ba ranar da burodi ya yanke a unguwarmu, kuma ba macen da ta rufe kaskonta a cikin waɗanda ka ɗauka. Abin da ka bari ya wuce ka a wannan wata ya isa gina gida. Ba ka taɓa ambatonsa ba. Abin da ya dame ka kawai kada a sake ritsa mu haka. Bayan salla ka matsa mana har muka kafa ƙungiya, muna haɗa ƙarfi mu saya tare lokacin da kasuwa ta yi sanyi, mu ajiye a babban tankin da ka ba mu filinsa kyauta. Yau ƙananan masu sana'a da dama suna kwana da kwanciyar rai saboda wannan tanki.

A zaman makoki na ga wani dattijo zaune can gefe, hawaye na bin gemunsa. Na tambaya aka ce Garba ne, mutumin Garagumsa. Na je na gaishe shi. Ya ce shekara da shekaru da amalanke yake kawo itace birni, da shi yake ciyar da gidansa. Da gaz ya yaɗu, gidajen da yake kai wa suka rufe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har ya sayar da sa guda cikin masu ja masa amalanken. Rannan ya tsaya gaban depo ɗinka ya ɗaga murya ya ce Allah ya isa tsakaninsa da kai. Bai zaci komai ba sai ka sa a kore shi. Ka fito, ka kama hannunsa, ka zaunar da shi kan tabarmarka, ka ce, "Gaskiyarka, Malam Garba. Ni na kashe maka kasuwa. To, zo mu raba tawa." Ka koya masa aikin da kanka, ka buɗe masa rumfar kwalabe a garinsu. Ya ce mini, "Hajiya, na zo ne in janye Allah ya isan nan a gaban jama'a, duk da na daɗe da janye ta a zuciyata."

Ya Allah, ga bawanKa Suma'ila ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya yi rayuwarsa yana tsare bayinKa daga wutar duniya, Ka tsare shi daga wutar lahira, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa.

Ina miƙa gaisuwata ga matarsa, Inna Hajiya Maryama, da 'ya'yansa Rashid da Aliya da Fahad, da danginsa na Hamdara, da ma'aikatan depo, da dukkan 'yan ƙungiyarmu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a sami wanda zai yi mana shaida irin wadda Garba ya yi masa. Amin.