Gidan tsofaffin da ba a jin ko tari

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun casa'in, lokacin ina karatu a Greensboro, a Amurka, akwai wani dattijo da duk muke kira Baba. Ya riga mu zuwa ƙasar da fiye da shekara talatin. A masaƙa ya yi aiki har ya yi ritaya, ya auri baƙar fatar Amurka, suka haifi 'ya ɗaya, daga baya matar ta rasu. Duk sabon ɗalibin da ya iso daga gida, wurinsa ake fara sauke shi. Ni kaina sati uku na yi ina kwana a doguwar kujerar falonsa kafin in sami ɗaki a unguwar Glenwood.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, sannan Turancin ya ɗauke masa gaba ɗaya. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana Turanci ya farka ba ya iya haɗa kalma biyu, sai Hausa, ita ma da ƙyar take fita. 'Yarsa kuwa ban da "sannu" babu abin da ta sani.

Ita a wata jiha mai nisa take aure, ga aiki, ga yara ƙanana. Da asibiti suka sallame shi, ta kai shi wani gidan kula da tsofaffi a hanyar Pleasant Garden, na gwajin wata ɗaya. Mu a masallaci muka yi ta salati, wai yaya za a kai uba gidan tsofaffi. Amma da aka ce wa zai ɗauke shi, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni. Ɗaki ɗaya gare ni a saman bene, Baba kuwa sai an ɗaga an kwantar.

Ita ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Ɗan'uwa, ƙarshen wata zan sa hannu ya zauna dindindin. Ka je ka duba min wurin. Kai kake jin abin da yake faɗa. Abin da ka ce, shi zan yi."

Na ji kaina ya kumbura. Na shiga laburare na kwafo tambayoyin da ake yi in za a duba irin wannan gida, shafi biyu cur. Na kira su na ce ranar Alhamis ƙarfe goma zan zo. Bas ba ta zuwa can, don haka na ari tsohuwar motar abokina.

Ginin jan bulo ne, dogo, a tsakiyar bishiyoyin da sanyi ya kakkaɓe wa ganye. Manajar ta tarbe ni a bakin ƙofa da fara'a, ta zagaya da ni. Daɓen yana ƙyalli. Babu zarnin fitsari, sai ƙamshin lemon tsami. Na ga kicin, na ga banɗakuna, ina ta sa alamar "ya yi" a takardata. A babban falo tsofaffi wajen ashirin suna zaune a keken guragu, an jera su, kowa da bargo a cinya, an taje wa matan gashi. Babu mai magana, babu mai kiran nas, ko tari ban ji ba. Na rubuta da babban baƙi cewa wurin akwai natsuwa.

Baba yana ƙarshen layin, kansa ya langaɓe, miyau na zuba a haɓarsa. Manajar ta ce daga motsa jiki ya fito, ya gaji. Na durƙusa na gaishe shi, bai ɗago ba. Na kai bakina kunnensa na ce, "Baba, ni ne. Jibi in Allah ya kai mu za a tashi da azumi, za mu yi maka addu'a." Leɓensa ya ɗan motsa, shi ke nan. Da yamma na kira 'yarsa na ce wuri ya yi, ta kwantar da hankalinta.

Da na mayar wa abokina mota, na ba shi labari ina alfahari. Shi ya taɓa aikin goge-goge a wani asibiti. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sun san za ka zo?"

Na ce, "Mana, ai ni na kira su."

Ya yi dariya ya ce, "To Malam, ai ba gidan ka gani ba, abin da suka shirya maka ka gani. Tsofaffi ashirin a ɗaki ɗaya, babu mai tari? Koma ranar Lahadi da rana, kada ka gaya wa kowa."

Na ji haushi, na bar Lahadi ɗaya ta wuce. Amma maganar tarin nan ta ƙi barina. Lahadin da ta biyo, bayan azahar, ina azumi, na sake karɓar motar.

Ƙofar a buɗe take, babu kowa a teburin karɓar baƙi. Na yi gyaran murya, shiru. Na bi doguwar barandar ina jin takun takalmina yana dawo min. Na leƙa falon. Suna nan yadda na bar su kwana goma da suka wuce, layi ɗaya, kowa a gurbinsa. Akwatin talabijin ɗin da suke fuskanta a kashe yake. Hasken rana ya shigo ta taga ya sauka a fuskar wani tsoho, idonsa rabi a buɗe, bai ko ƙifta ba. Na tsaya ina kallon ƙirjinsa har sai da na ga ya ɗaga, sannan ni ma na saki numfashi.

Sai na ji an ce, da Hausa, a hankali, "Ka zo?"

Na kusa zubar da takardata. A can ƙarshen layi Baba ne ya miƙe wuya, idonsa tar a kaina, shi kaɗai a cikin mutum ashirin. Ya rame sosai. Na je na durƙusa, ya kama hannuna da hannunsa na hagu.

"Yau azumi nawa?"

"Tara, Baba."

"Haka na ƙirga." Ya nuna bargonsa da haɓa. "Ɗaga."

Na ɗaga. Wani farin ƙyalle mai faɗi ne aka zagaya ƙugunsa da shi, aka ɗaure ta bayan keken, inda hannunsa ba zai kai ba. Na ɗaga gefen bargon tsohon da ke kusa da shi. Shi har wuyan hannuwansa a ɗaure suke.

Baba ya ce in tura shi ɗakinsa. A can ya sa na zaro hularsa daga ƙarƙashin matashi. Cikinta ƙwayoyi ne, farare da shuɗaye, wasu sun narke sun manne da juna. Maganarsa tana fita guntu-guntu, amma na gane. Ashe ya ji abin da na raɗa masa. Tun ranar da aka ɗauki azumi, in aka sa masa ƙwayar safe da ta rana a baki, sai ya maƙale su a kumatu, in nas ta wuce ya tofar. Abincin rana ma ba ya taɓawa, a kawo a ɗauke, babu wanda ya taɓa tambayar dalili. A rana ta uku kansa ya washe. Ya ce, "Na farka na ga duk gidan a kwance yake, ni kaɗai ne a farke."

Na ce, "Baba, ai azumi bai wajaba a kanka ba, ba ka da lafiya."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma in na haɗiye, ba na sanin inda nake."

Gado biyu ne a ɗakin. Ɗayan an gyare shi tsaf, babu ko matashi. Baba ya dube shi ya ce akwai wani Bature a nan. Kwana biyu yana danna maɓallin kiran nas, yana nishi, yana dannawa. Baba ya yi ta kiran masu wucewa yana cewa ku zo ku duba mutumin nan, sai su shafa masa kafaɗa su yi murmushi su wuce. Shekaranjiya da safe aka lulluɓe shi aka fitar.

Maɓallin yana nan rataye a ƙarfen gadon. Ban san abin da ya sa ba, na kama wayar maɓallin na ja. Ta taho salin-alin, har bakinta ya fito daga bayan gado, ya yi ƙura. Ba a jone take da komai ba. Na ja ta Baba, ita ma haka.

Ina tsaye da waya a hannu wata ma'aikaciya ta shigo, mace mai manyan shekaru, idonta ya yi ja don gajiya. Ta dubi wayar, ta dubi hular. Na zaci za ta yi faɗa, sai kawai ta zauna a bakin gadon nan da babu kowa. Ta ce su biyu ne rak a ɓangaren nan duk ranar Lahadi. Ta tambaye ni, "Wai magana yake yi? A takardarsa an rubuta sambatu ne." Na ce yare ne, kuma miliyoyin mutane suna yin sa. Ta rufe fuskarta da tafin hannu.

A wayar kan titi ta wani gidan mai na kira 'yarsa. Abu mafi wuya shi ne farkon maganar, inda na ce abin da na gaya miki da farko ba daidai ba ne. Ranar Talata ta iso. Likitan da ya duba ƙwayoyin ya ce akwai na hawan jini a ciki, wanda barinsa ya kusa jawo wa Baba wata shanyewar jikin, akwai kuma mai sa barci mai nauyi, wanda babu wanda ya taɓa gaya wa 'yarsa ana ba shi. Muka kai ƙara ofishin hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje, na rubuta duk abin da na gani. Na ji an je bincike, an kuma canza manajar. Abin da ya biyo baya ban sani ba.

Baba ya koma wani gida a cikin gari, inda bas take zuwa, mu 'yan masallaci muka raba kwanaki a tsakaninmu muna leƙa shi kullum. Ya ƙara shekara biyu da wani abu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In an ce ka duba wuri, ka je lokacin da ba a sa ranka ba, ka kuma zauna da mutanen ciki ka ji ta bakinsu. Amma ba wannan ne yake dawo min ba. Ranar da muka fitar da Baba, ni nake tura kekensa, dole muka ratsa ta gaban layin nan na falo. Wata tsohuwa ƙarama, mai jan zare a gashinta, ta buɗe ido ta bi mu da kallo. Ba ta iya juya wuya ba, ƙwayar idonta kawai ke tafiya tare da mu. Da muka zo daidai ita, ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Na rage tafiya. Sai na tuna mota tana jira, na ce a raina zan dawo in tambayi ko tana da kowa.

Ban koma ba. Jarrabawa ta zo, sannan Sallah, sannan wani abu. Yau na kusa kai shekarun da Baba yake da su a lokacin, kuma har yanzu ban san abin da matar nan take so ta ce min ba.