Kunnen Na Allah

"Har yanzu ruwan yana wari?"

"Ko jaki ya ƙi shi. Ya shinshina, ya juya."

"Shi mai injin fa?"

"Yana can cikin rijiya yana yasa. Kar ki wahal da bakinki, ba ji zai yi ba."

Mata biyu ne ke magana a bakin rijiya. Na Allah suke nufi, mai kula da injin jan ruwa a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Bayan farin da ya zo da mulkin soja aka girka injin a bakin babbar rijiya, aka danƙa masa, ana ba shi jar dawar taimako a bakin aikinsa.

Tankin injin yana da ɗan bututu a sama, inda iska ke fita in ana ɗura gazuwal, wato man dizal. Na Allah yana kiran shi hanci. Da kunne yake aiki. Yana zuba mai, hancin yana huci, da hucin ya sauya murya sai ya ɗaga bido, jarkar man. Bai taɓa cikawa fal ba. Yakan ce in tanki ya ƙoshi, ta hanci yake amai, kuma ƙarƙashin hancin rijiya ce.

Shekara da shekaru ƙarar injin tana cin kunnensa a hankali. Matarsa Zara'u ce ta fara lura. Sai ta ce tuwo ya huce, ya amsa mata da lafiya lau. Tana yi masa tsiya, wai maigida ya zaɓi abin da yake son ji. Shi ma sai ya yi dariya. Bai faɗa wa kowa ba, don in aka karɓe injin, dawar gidansa ta tafi.

Sai fari ya dawo a tamanin da huɗu. Ƙananan rijiyoyi suka ƙafe, mutum da dabba duk suka tattaru a rijiyarsa, ga gazuwal ya yi wuya. Ranar da kamyon soja, babbar motar nan, ya kawo tano, wato gangar mai, direban yana sauri, akwai ƙauyuka a gabansa. Aka sa tiyo daga tanon kai tsaye. Mutane suna ta cewa a cika, wa ya san ranar da wani zai zo.

Na Allah ya kara kunne a hancin kamar kullum, idon gari a kansa. Shiru. Ya yi alama a ci gaba. Yana nan yana jiran muryar da ta riga ta wuce shi, sai ya ji sanyi a kunci, mai ya feso ta hancin. Kafin a janye tiyon, man ya bi bakin rijiya ya gangara.

Ruwan ya yi ƙyalli. Kunu ya ɗauki wari, yara suka kama amai. Maƙwabcinsa Ƙadri ya ɗaura kaya a amalanke ya yi kudu da iyalinsa, wasu gidajen suka bi. Ba wanda ya zagi Na Allah. Gaisuwar baki kawai aka daina yi masa, sai a ɗaga hannu a wuce, ya gane gari ya sani.

Kullum yana shiga rijiyar da igiya, yana tsane man da tsumma da ƙaiƙayi, har fatar hannuwansa ta saɓule. Warin ya ragu, amma waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Da aka sami wani bidon gazuwal, maigari ya tambayi wanda zai ɗura. Kowa ya sunkuyar da kai. Na Allah ya ɗauki mazurari, ya daɗe tsaye. Can ya waiwaya wajen mata masu jiran ruwa, ya ɗaga murya fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Zara'u, ajiye tulun ki zo. Kara kunnenki nan, ki ji mini. In ya sauya murya, ki taɓa kafaɗata."