Na Je Kandi Neman Laifin Ƙanena

Kamarawa zuwa Sakkwato

Muna idar da sallar asuba na hau babur zuwa Isa. Abin da ya fitar da ni bai wuce maganar Baba ba: ya ce tun da gandunmu ya gaza ciyar da gida a hannuna, zai kira ƙanena Lawwali daga ƙasar Benin ya karɓi ragamarsa. Lawwalin da ni na koya masa riƙon hauya! Kullum sai ya turo hotunan masararsa a waya, Baba yana nuna wa duk wanda ya zo gaisuwa. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Na ce sai na je na gani, don na tabbata akwai wata a ƙasa.

A Isa na samu motar Sakkwato. Shingen sojoji kam ba a magana. Direba ya nuna mini gonaki fayau, ya ce, "Da can Hillani ka kwana nan bayan kaka, su bar muna taki. Yanzu wa ka kwana daji?" Na ce ya je ya faɗa wa Baba.

Kamba da Gaya

Na kwana a tashar Kamba, da safe na tsallaka Gaya ta Nijar. A nan na ga manoma suna haƙa 'yan ramuka, kowanne a zuba masa tafi guda na kashin awaki. Wani dattijo ya ce iyayensu watsa shi suke yi ko'ina, su kuwa ƙarancinsa ya koya musu tattali. Gadar da ke kan kogin iyakar Benin a rufe take, sai a kwalekwale muka haye zuwa Malanbil, na ci shinkafa da kifin da yajinsa ya sa ni hawaye.

Kandi

Bayan la'asar Lawwali ya tarbe ni da murna, ni kuwa ko ruwa ban gama sha ba na ce a kai ni gonarsa ta noman rani. Wallahi hoton ma ya rage mata kyau. Na yi murmushin yaƙe.

A gefen gonar akwai tulin taki baƙi ƙirin. Irin na manomi, na cusa hannu har gwiwa, na murje, na sunsuna, na ce, "Shanun wa anka samu haka?"

Lawwali ya sosa ƙeya. "Yaya, ba na shanu ba na. Na aladen maƙwabcina na, kyauta shika ba ni."

Na wanke hannun nan har ya yi ja. Maƙwabcin, wani Kirista mai suna Kojo, ya zo yana dariya. Ya ce a zamanin kakansa aladu yawo suke, ba mai kula kashinsu. Tsadar takin zamani ce ta sa aka fara tara shi ya ruɓe. Ɗansa ya gaya masa mutanen Sin tun tale-tale da shi suke noma, a ƙasar Holan kuwa ya yi yawa har hukuma ta sa masa iyaka. Wasu na rasa inda za su zubar, mu muna bin jaki da kwando!

Amma raina fari tas, don na samu abin da na zo nema. Tuwon masarar ma na ci, har da ƙari.

Komawa gida

Na biyo hanyar da na bi, da buhun masarar da Lawwali ya aiko wa Baba. Ina sauke shi na kwashe labari kaf na faɗa, har da gishiri.

Baba ya daɗe yana juya ƙwayar masarar a tafinsa. Ya ce, "Wagga magana ta malamai ta, za ni tambayar Liman. Alade dai ba ya zuwa Gobir. Amma kai, da kag ga ramukkan mutanen Gaya, ka tambayi zurhinsu?"

Na ce ban tambaya ba.

Baba ya ce, "Shi Lawwali da ya tambaya. Kira mini shi, ka ce ya taho kahin ruwan hwari."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kojo da direbobi. Wayata aka yi kiran da ita, ni na riƙe wa Baba ita a kunne.