Amshin Baba Kalebu

Kowace safiyar gasa, kafin masu kyamara su gama shan shayi, Baba Kalebu ya riga ya shiga zaure. Zai warware wayoyinsa, ya goge kan mikro da gefen riga, sannan ya zauna bayan teburin sauti, na'urar ji a kunne. Aiki ne ya kawo shi Diffa daga kudu tun gashinsa na baƙi. Bana furfura ta gama kai, kuma gasar waƙar da gidan tele ya gama nunawa ita ce aikinsa na ƙarshe.

Masu kallo sun san fuskar alƙalai, tasa ba su sani ba. Mawaƙan kuwa sun san shi. Wani makiyayi daga N'Guelbély da ya saba ɗaga murya a daji ya kusan fasa lasifika, Baba ya dafa shi ya ce, "Ɗana, sassauta, shanun ba su biyo ka ba. Mu kusa muke."

Amma abin da ake ta labari shi ne ranar Kaltum. Matar tana zaune a Yébi tun da garinsu na bakin Komadugu ya watse. Waƙar Kanuri ta matan garin ta kawo, wadda suke yi wajen tsinkar tattasai, don ta ce ko 'yan uwanta da suka warwatsu za su gan ta a tele su san inda take. Amma sai in ta kai zagayen ƙarshe za a nuna ta a duk ƙasa, don wannan zagayen a Diffa kaɗai ake kallonsa. Dokar gasa kuwa: mawaƙi shi kaɗai, wanda ya tsaya a tsakiyar waƙa ya fita.

Ita waƙar tattasai ba a yin ta mutum ɗaya. Wata ta jefa, saura su amsa. Kaltum ta jefa baitin farko, ta dakata kamar yadda ta saba a gona. Shiru. A kunnensa Baba ya ji amshi take jira.

Sai ya cire na'urar, ya miƙe, ya amsa mata da Kanurinsa na kasuwa.

Nasser, mai shirya shirin, ya rugo. "Baba, kai tsaye muke! Za ka ja a kore ka!"

"Ni da ma tafiya zan yi. Ita ce ba inda za ta."

Wata tsohuwa cikin masu kallo ta ɗaga murya: "Kai, malam, kana ɓata mana waƙa! Zauna mu karɓa." Zaure ya fashe da dariya, matan suka ɗauki amshi, Kaltum ta kai waƙarta ƙarshe. Alƙalai suka yi ta gardama, daga baya suka yarda amshin rabin waƙar ne, suka bar ta ta wuce. Kofi bai zo hannunta ba. Amma bayan zagayen ƙarshe ƙanwarta ta kira gidan tele daga Damagaram tana kuka.

Baba Kalebu, kai ne ka yi shekaru kana gyara muryar wasu, taka ba a taɓa ji ba. Ranar da aka ji ta, ba daɗi gare ta ba, amma a kan lokaci ta zo. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma da za ku gaji teburinsa, ku koyi saurare irin nasa. In kun ji muryar wani ta tsaya tana jira, kada ku tsaya duba ko kun iya harshen. Ku amsa.