Na Sayi Gida Inda Ba A Ajiye Albasa

Edita, a shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, ni babban jami'i ne mai duba makarantu, kuma mutum ne da ba ya jin gyara daga bakin wanda bai yi boko ba. Shekara talatin da 'yan kai ina shiga aji ina gyara wa malamai kuskure da jan biro, har abin ya zame mini hali, a gida ma gyara nake yi. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga Sakkwato aka dawo da su gida lokacin da aka raba jiha, ban daɗe ba kuma na yi ritaya. Ina roƙo a sakaya sunana, amma a buga labarin yadda yake, kada a rage mini laifi ko kaɗan.

Gidana na Jega babba ne, kusa da tasha, ɗaki tara da zaure biyu. Yara duk sun girma sun watse, daga ni sai maiɗakina, wadda muka shekara talatin da biyar tare. Tun tana budurwa take fama da ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma, kuma sanyi da danshi ne ke tayar mata da shi. Ɗan maganin shaƙarta kullum yana ƙulle a bakin zanenta. Abin da na gaya wa mutane shi ne gidan ya yi mana girma, shara kaɗai ta isa ta karya mata baya. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ni dai na gaji da mutane. Ranar kasuwa dangi daga ƙauyen Katanga su cika zaure da kekuna da buhuna, wani ya kwana, wani ya kwana uku, ga ihun 'yan kamasho tun asuba, ga mahauta da surutunsu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma har sallama na tsana. Na ƙudurta a raina cewa gidan da zan koma ba zai kasance da zaure ba.

Ita ta kawo shawara biyu. Ko mu sayi wani ƙaramin gida a cikin Jega wanda da ƙafa ma ana isa asibiti daga ƙofarsa, ko mu koma Maiyama kusa da ƙanwarta. Na farko na ce unguwar ta cika yara, na biyu na ce ban yi ritaya don in zama ɗan rakiyar surukai ba. Ana nan wani dillali ya kai ni bayan garin Aliero a tsakiyar rani, daidai lokacin da ake cire albasa. Muka sauka daga kwalta muka bi wata hanya mai baƙar ƙasa, busasshiya ƙarau, duk ta daddare har ƙafar yaro za ta iya shiga tsagar. Can sai ga gidan shi kaɗai a fili, ɗaki uku da falo, ga silin, ga tagogin gilashi, ga katanga, ba zaure. Na tsaya na saurara ban ji motsin kowa ba, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Dillalin ya ce wani ɗan kasuwar albasa ne ya gina, ya zauna shekara guda ya koma cikin gari don ya fi son jama'a. Na lura an yi wa bangon sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, launinsa bai yi daidai da na sama ba. Ni da aikina duk duba kuskure ne, na gani, na kawar da kai.

Wanda ya san Aliero ya san ba a barin fili haka nan. Duk inda ka duba a bayan gari za ka ga rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗorawa kan sanduna a zuba albasa a ciki, ta sha iska har lokacin da za ta yi daraja. Mun wuce su jere-jere a hanya, amma tun daga inda ƙasa ta koma baƙa har zuwa gidan babu ko ɗaya. Muna tsaye a ƙofa sai ga wani tsoho kan jaki. Ya yi sallama, ya dube ni ya dubi gidan, ya tambaye ni da irin harshensu wai mi nika nema ga wanga wuri. Na ce gida zan saya in huta. Sai ya ce in duba gabas da yamma in nuna mai rudu ko guda. Ya ce su tun kakanninsu ba su aje albasa nan, don wagga ƙasa da damana tana tsattsafo da ruwa ta ƙarƙashi, albasa ba ta sati biyu ta ruɓe. Ya ce shi bai yi karatu ba, amma inda albasa ta kasa zama bai ga yadda dattijo da iyalinai za su zauna ba. Na yi murmushin nan nawa na mai duba makarantu, na ce masa Baba, ai ni ba albasa ba ne. Dillali ya yi dariya har da tafa hannu. Tsohon bai yi dariya ba, ya ce Allah shi kyauta, ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Ban gaya wa maiɗakina wannan magana ba, kuma ban kai ta ganin gidan ba sai da aka gama ciniki na sayar da na Jega. Da ta shiga ba ta dubi silin ba, ba ta dubi tagogin da nake ta nuna mata ba. Ta ɗora tafin hannunta a bango ta daɗe, ta ce Malam, ɗakin nan warin cikin randa yake yi. Ta fito tsakar gida ta tambaye ni ina masallaci, kuma idan wani abu ya taso wa za ta ƙwala wa kira. Na ce ga ni ga mota, me kuma take nema. Sau ɗaya ta ce ba ta son wurin, a hankali, ba tare da ta ɗaga ido ba. Da ta ga fuskata sai ta ce Allah ya sa alheri, ba ta sake tayar da zancen ba.

Watanni biyun farko na yi ta yabon kaina. Ina zaune a falo da rediyo, ba mai buga ƙofa. Sai ruwa ya sauka. Abin bai zo da ƙarfi ba, a hankali ya fara. Gishiri ya jiƙe a cikin gwangwani. Tabarmar salla ta yi baƙi ta ƙasa. Takalmana na zuwa ofis da na ajiye a lungu suka yi kore da funfuna. Wata safiya na ga tururuwa sun yi layi suna fita daga gidan ɗauke da ƙwayayensu, na tsaya ina kallonsu. Sabon fentin nan ya fara kumbura yana ɓarewa, a ƙarƙashinsa sai ga wani tsohon zane mai ruwan ƙasa ya zagaye ɗakin, shaidar inda danshi ya tsaya a bara. Ita kuma numfashinta ya fara fito, tun ina ji sai na matso kusa har ya zama daga falo nake jinsa. Hanyar nan da na bi a bushe ta koma laka mai kama ƙafa, idan aka yi ruwa sai ta kwana biyu mota ba ta bi ba.

Ƙanena, wanda direba ne a tashar Jega, ya zo dubiya. A bakin kwalta ya bar motarsa, ya iso da takalma a hannu, laka har gwiwa. Ya shiga ya gaishe ta, ya fito ya ja ni gefe ya ce Yaya, don Allah ka ba ni ita ta zauna wurin iyalina har kaka. Ya ce shi bai ji daɗin yadda take jan numfashi ba. Abin da ya fara zuwa raina ba ita ba ce, 'yan tasha ne, yadda za su zauna a benci suna cewa mai duba makarantu ya sayi rijiya da rufin kwano. Na ce masa mura ce kawai, kuma gidana ba a kwashe mini mata kamar 'yar gudun hijira. Na sa aka kawo gawayi ina hurawa a ɗaki don bango ya bushe, hayaƙin ya ƙara shaƙe ta. Maganin shaƙarta ya kusa ƙarewa, ta gaya mini, na ce bari hanya ta sha iska in shiga Jega.

Hanyar ba ta sha iska ba. Aka kwana uku ana ruwa cikin watan Agusta, ranar ta uku bayan azahar ciwon ya tashi. Na same ta durƙushe a bakin gado ta dafa bango, tana matsa maganin ba abin da ke fita. Na ɗauke ta na sa a mota, ban yi taku ashirin daga ƙofa ba tayoyi suka nutse. Na fito na yi ihu, na yi kiran jama'a da iya muryata, ba wanda ya amsa, domin ni ne na zaɓi wurin da ba mai amsawa. Na bar ta a motar na kama gudu cikin laka, ina faɗuwa ina tashi, mutum mai shekara sittin da wani abu. Sai da na kusa gari na samu wasu manoma sun fake a bukka. Ba su tambaye ni ko wane ne ni ba, suka ɗaura wa shanu amalanke muka koma. Kafin mu iso la'asar ta yi, leɓunanta sun yi baƙi. A kan amalanken ta riƙe bakin rigata, tana magana kalma ɗaya-ɗaya. Na kai kunnena ina zaton wasiyyar dukiya ce. Cewa ta yi kada in gaya wa yara ta taɓa cewa ba ta son gidan, kada su riƙe ni a zuciya. Muna hango kwalta, sai maiɗakina ta cika.

A zauren ƙanena aka yi zaman makoki. Dangin Katanga su suka haƙa kabari, mahautan da nake ƙorafin surutunsu su suka ɗauki makara, ba kuma wanda ya ce mini uffan kan gidan. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma na san kuma an gaya mini sau uku, tsoho ya faɗa, ita ta faɗa, ƙanena ya faɗa, duk na ƙi ji don kada a ce na yi kuskure. Wannan nawa ne, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Don haka ina kira ga 'yan uwana masu shirin ajiye aiki. Rage gida ba laifi ba ne, amma kada ka sayi gida a rani, je ka gan shi ana tsakiyar ruwa. Ka tambayi manoman wurin me suke yi da ƙasar da kuma me ba sa yi da ita. Ka auna nisan asibiti da ƙafar tsoho, ba da mota ba. Ka tafi da matarka tun kafin ciniki, idan ta yi magana sau ɗaya ka ɗauka ta yi sau goma. Shirun da nake nema na same shi, ba na kuma yi wa kowa fatansa. Yanzu ina ɗaki guda a gidan ƙanena. Gidan Aliero yana nan a kulle, yara suna ta matsa mini in sayar. Duk shekara idan rani ya yi sai dillalai su kawo mai saye, galibi dattijo irina da takardar ritaya a aljihu. Nakan ce masa ya je ya dawo a watan Agusta da matarsa, in ba shi makulli su kwana uku a ciki. Har yau ba wanda ya dawo.