Wata Biyar Bayan Faɗuwar Bangon Berlin

Ranar Asabar ce, wata biyar bayan an fasa bangon da ya raba Berlin gida biyu. Da safe ni da Isufu muka sha shayi a ɗakinmu, hawa na uku a gidan ɗalibai, ɓangaren gabas. Tare muka zo daga Damagaram koyon aikin lantarki. Ya wanke rigunansa ya shanya. Ni na yi aski.

Tun faɗuwar bangon mai gadi ya daina zuwa. Maƙwabta suka daina amsa gaisuwa. Ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma muka ji ƙarar takalma a titi. Sai tagar ƙasa ta fashe. Sai ta biyu. Samari ne masu askin ƙwal-kwabo, da sanduna da kwalaben fetur. Da Jamusanci suke ihu: "Baƙi, ku fita!"

Hayaƙi ya biyo matakala. Isufu ya ce akwai ɗan Mozambik a ɗakin ƙarshe, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tura ni gaba.

"Bi ta ɗakin wanki! Ina zuwa!"

Na bi. Na tsallake shinge, na yi ta gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Biyar saura na isa inda bangon yake a da. Bara harbe mutum ake yi a nan. Yanzu babu soja, babu mai tambayar takarda. Wata mata tana tura jariri a keke. Na wuce ɓangaren yamma.

Wasu Turkawa suka ajiye ni a masallacinsu. Na ci abin da aka ba ni. Bayan kwana uku aka zo da labari. Isufu ya saukar da mara lafiyar ta taga, da zanin gado. Shi Isufu hayaƙi ya riga shi, bai fito da rai ba.

Yayana da ke Jidda ya nema mini bizar umara. Da na isa wurinsa a unguwar Bani Malik ya kalle ni, bai tambaye ni komai ba. Ya ce halas, wato shi ke nan, in kwanta in huta. Daga baya kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Yau shekara ashirin ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Waziriyya.

Mu tara ne a hawa na ukun nan, takwas muka fita. Ban je jana'izar Isufu ba, na kasa sake tsallakawa gabas. An ce mutum shida suka yi masa salla.