Ranar da Kakata Ta Naɗe Mini Gwiwa

Tafiyata ta farko a kan keken aiki ba za ta fita daga raina ba. Ba zan faɗi shekarar ba, domin ban tabbatar da ita ba. Na dai san lokacin ɗari ne, ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko, ba, aka ɗauke ni aikin yi wa shanu allura. Shugabana ya umarce ni in isa Tabotaki kafin makiyaya su watse daga rijiya, ya kuma ce in na makara zai karɓe keken.

Kayan aikinmu gajeren wando ne, sanyin ƙasar Adar kuwa gwiwa yake fara kamawa. Da na sauka garinmu kusa da Buza, kakata, wadda ba ta taɓa ganin keke ba, ta tambaye ni ko zamansa ɗaya da na jaki. Don gudun dogon bayani na ce haka ne. Da safe ta shafa mini man shanu, ta ɗora auduga, ta naɗe ƙafafuna da sawayen saƙi tun daga idon sawu har cinya, ina tsaye, ta ɗaure tamau. Ɗumi kam na ji. Gwiwa ce ta ƙi lanƙwasuwa.

A wurinmu ba a barin matafiyi sai an raka shi an ga hawansa, ga shi rabin gari ya fito kallon dokin ƙarfe. Na riƙa tura keken ina taku kamar shamuwa, ina cewa su koma, na gode. Suka ƙi. Muka wuce rumbuna, muka wuce gonakin gero, rana tana ta ɗagawa.

Can kakata ta tsaya ta ce, "Angona, dokin ne ke tsoronka, ko kai ke tsoronsa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kaka, shi wannan da gwiwa ake tafiyar da shi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta zaunar da ni a kan dutse, ta warware, ta sake naɗewa gwiwar tana lanƙwashe. Na isa rijiyar garken farko ya riga ya juya, sai da aka bi shi aka dawo da shi. Keken dai bai bar hannuna ba.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni abu, nakan ba da amsa cikakkiya komai tsawonta, musamman ga wanda zai taimake ni da hannunsa.